Kyamarata ba ta janyo hoto daga nesa, ga bikin ƙanwata saura sati uku

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana biyu ke nan barci ya ƙaurace mini. Ni tun ina yaro nake son hoto. Marigayi kawuna yana da wata kyamara ta fim mai jakar fata, duk sallah sai ya jera mu a kan dakalin ƙofar gida ya ce kada wanda ya motsa, sai bayan sati biyu a wanko a kawo, wani lokacin ka tarar an yanke kan mutum ɗaya. Hoton da ya ɗauki mahaifiyarmu tana tankaɗe a tsakar gida, gari ya yi mata fari a hannu, har yau yana cikin akwatina, kuma wayata ba ta taɓa ɗaukar abin da ya kamo ƙafarsa ba. Da kawu ya rasu aka zo rabon kaya, kyamarar ta yi ɓatan dabo. Ina da wanda nake zargi amma ba shi ya kawo ni ba.

Kafin babbar sallah wani abokina mai zuwa Dubai sarin kaya ya samo mini Fujifilm X100F ta hannu, fes da ita, baƙi da ruwan azurfa, kana ganinta ka ga ta kawu. Sai da ta iso hannuna na gane idonta, wato gilashin gaba, ɗaya ne, a manne yake, ba a cirewa, ba ya janyowa. Na je da ita hawan sallah nan Zariya na tsaya bayan jama'a, da na dawo gida na duba, dawakai kamar tururuwa, abin da ya fito sosai hulunan mutanen gabana ne.

Yanzu ga bikin ƙanwata saura sati uku, kuma an yanke a gida ba za a ɗauko mai hoto ba tunda "ga namu". Sannan tun da hunturu ya shigo nake ganin wani ɗan tabo a saman hoto ta hannun dama in na ɗauki sararin sama. In sayar in sayi wata ne, ko yaya zan yi? Don Allah a taimaka.

Baba Mai Studiyo: Wa alaikumus salam. Yaro, ka sayar da ita gobe-goben nan. Ni na fara wannan sana'a tun ana wanke hoto a ɗaki mai jan ƙwai, bikin da na ɗauka ba ya ƙirguwa. Wannan abin da ke hannunka kayan 'yan yawon buɗe ido ne, a rataya a wuya a ɗauki kofin shayi. Ka taɓa tsayawa a wurin ɗaurin aure da kyamara? Waliyyai suna can gaban liman, tsakaninka da su sahu goma, kowa ya baza babbar riga, maroƙi yana ihu a kunnenka. Da wane idon za ka kamo lokacin da ake miƙa sadaki? Tsallake dattawa za ka yi? Ka nemi Canon 700D ta hannu da idonta 18-55 mai janyowa, ka ƙara wani ido 50mm f/1.8 don hoton amarya, ka sa filasha ta kai. Shi ke nan ka zama mai hoto, har canji zai rage maka. Tabon nan kuwa ƙura ce ta shiga, kuma tunda ido ba ya cirewa, magana ta ƙare. Ka rabu da ita kafin mai saye ya lura.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ni fa ba sana'a na saye ta don in yi ba. Kuma kalar da take bayarwa, wallahi ko taɓa hoton ba na yi.

Baba Mai Studiyo: Kala za ka kai wa dangin ango?

Bahaushen Manchista: Baba, da girmanka, amma a nan kam ban bi ka ba. Kuma batun a sayar kafin mai saye ya lura, wannan ai bai dace ba. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. X100F ta fito ne a 2017, sensarta, wato farantin cikinta da hoto ke sauka a kai, irin girman nan ne da ake kira APS-C, daidai da ajin 700D ɗin da Baba ya ambata, kuma tana da megafiksel 24, waccan 18. Idonta 23mm ne f/2, wanda ya yi daidai da 35mm a lissafin fim, wato faɗin da masu hoton jarida suka daɗe suna aiki da shi. Ba kuskure aka yi ba, haka aka ƙera ta, ƙafarka ce zum ɗinka, kai za ka matsa kusa. Sannan ka san abin da ke hannunka kuwa? Tun ƙarshen 2022 da 'yan TikTok suka yi wa ƙanwarta X100V caa, farashin duk zuriyar ya tashi, har ta hannu ta riƙa fin sabuwa tsada. Da X100VI ta fito a 2024 a kan dala 1,599, layi mutane suka riƙa bi na watanni. In ka saki wannan, da wuya ka sake riƙe irinta.

Abin da za ka gwada yau: a cikinta akwai wurin da take yanko hoto ya koma kamar 50mm ko 70mm, amma sai kana ɗauka a JPEG, wato tsarin hoto na yau da kullum. Ba janyowa ba ce ta gaskiya, yanka ne, amma don hoton da za a tura a WhatsApp ya wadatar. Akwai kuma ƙarin ido da ake ɗaura mata a gaba, TCL-X100 II, yana mayar da ita 50mm. Wurin kamu kuwa, cikin ɗaki a matse, mata sun cika, babu kyamarar da ta fi ta. Ƙarar ɗaukarta ba ta fi ƙyas ɗin farce ba, ba wadda za ta lura balle ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba Mai Studiyo: A Manchista akwai hunturu irin namu? Kai kana can inda ruwan sama ke wanke iska kullum kana karanto mana lambobi. Kuma wa ya ce maka ana barin namiji ya shiga ɗakin kamu haka kawai? Ni da furfurata ma sai an yi mini iso. Megafiksel ba ya ɗaukar biki, hannu ke ɗauka. Yaron nan katin memori ɗaya kyamararsa ke ci, in ya lalace fa?

Bahaushen Manchista: Baba, 700D ma ai kati ɗaya take ci. Kuma yayan amarya ne, wa zai hana shi shiga?

Maman Biyu: Ni maganar katin nan ce ta taɓo mini inda ke mini ciwo. Shekara shida da bikina, ba ni da hoto ko ɗaya na ranar kamu. Mai hoton da muka ɗauko, da katuwar kyamararsa da jaka biyu da yaro mai riƙe masa fitila, an biya shi rabi tun kafin biki. Bayan sati uku ya ce kati ya ƙone. Ƙone kamar yaya? Ya ce a bari zai kai Legas a ciro. Daga nan in na kira sai matarsa ta ɗauka ta ce ya fita. Kakata da ta fesa mini turare a ranar ta rasu bayan wata huɗu, hotonmu tare ke nan da babu. Abin da ya rage mini wani ne da ƙawata ta ɗauka da waya, duk ya yi dishi-dishi, lallen hannuna kawai ake gani. Don haka ni girman kyamara bai dame ni ba. Amma Malam, tsakani da Allah, ka gaya wa su Hajiya su ɗauko mai hoto. In abu ya ɓaci a hannun bare a yi fushi a manta, in a hannunka ne har jikoki sai sun ji labari.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya jiƙan kaka, Hajiya. Amma ba zan iya komawa in ce a ɗauko wani ba. Da bakina na ce zan iya, a gaban kowa, har da mijin yayata wanda tun farko ya ce ɓarnar kuɗi na yi.

Mai Gyara na Sabon Gari: Kowa ya tafi kan biki an bar tabon. Malam, kafin ka yarda ta mutu, yi wannan. Goge gaban idon da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, bayan ka hure ƙurar da abin hura iska, kada ka hura da baki. Sai ka juya zoben da ke jikin idon, mai rage ko ƙara buɗewarsa, zuwa lamba 16, ka fuskanci farin bango ko farar takarda, ka ɗauka kana ɗan motsa hannu. Ka sake ɗauka a 2.8. In tabon ya fito ƙuru-ƙuru a 16, a wuri ɗaya kullum, ya kuma ɓace a 2.8, to a kan sensa yake. Wannan ba mutuwa ba ce. Hoton biki ai ba a 16 za ka yi shi ba, tsakanin 2.8 da 5.6 za ka zauna, a nan da wuya ka gan shi, in ma ya fito a sama taɓawa ɗaya ce a Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya. Cire shi kam sai an kwance kyamarar, kuma ina roƙonka kada ka ba mu masu gyaran waya, ni kaina ba zan karɓa ba. X100F ba a toshe ta don ƙura ko ruwa ba, sai daga X100V aka fara, ita ma sai an sa mata filta, wato gilashin kariya, da zoben da ke riƙe ta. Ka nemi zoben AR-X100 da filta mai 49mm ka rufe gaban, ka daina rataya ta a wuya a kan babur. Wani abu kuma, kada ka matsa kusa sosai da fuskar amarya a f/2, idon wannan samfurin yana yin laushi a kusa, ka sauko zuwa 4.

Ɗan Tudun Wada: Ban taɓa hawa babur da ita ba sai sau biyu ko uku. Kuma cikin aljihun riga take.

Baba Mai Studiyo: Kun ji ko. Zobe, filta, ƙarin ido, duk a cikin sati uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin waɗannan tarkacen kaɗai ya kusa sayen abin da na faɗa masa. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan da zamanin nan, kowa ya rataya kyamara ya zama mai hoto, mu da muke biyan hayar shago da kuɗin janareta a ce mun yi tsada. Makon jiya wata ta zo ta ce in ɗauki yinin biki gaba ɗaya a kuɗin da bai kai na man da zan ƙona ba, wai ai ɗan ƙanwarta ma yana da iPhone. Na ce to Allah ya ba da sa'a. Jiya ta dawo wai in gyara mata hotunan, fuskar amarya ta yi fari fat kamar an watsa mata alli.

Ɗaliba: Tambaya don Allah. Nawa ka saye ta? Kuma batir nawa gare ka? Don na ji irinta ba ta kai hoto ɗari huɗu a caji ɗaya, kuma biki yini ne.

Ɗan Tudun Wada: Batir ɗaya ne, wanda ta zo da shi. Maganar kuɗi kuma a bar ta, ban ma gama biyan abokin nawa ba, shi ya sa sayarwar ba ta da sauƙi yadda Baba yake gani. Kuma gaskiya ko da na gama biya ban jin zan iya rabuwa da ita. Ranar Juma'a na ɗauki wani tsoho mai sayar da goro a bakin masallaci, yana yayyafa wa goron ruwa a kan algarara, bai ma san na ɗauka ba. Hasken la'asar ya bugi hannunsa, kana iya ƙirga jijiyoyin. Da wata katuwa ce a hannuna da ya gyara zama ya ɓata abin.

Maman Biyu: To ai ka ga amsarka. Kai ka ɗauki irin waɗannan, a samo wani ya ɗauki na jeri.

Baba Mai Studiyo: Mai goro ba ya motsi. Amarya da ƙawayenta ashirin a ƙarƙashin rumfa bayan magariba, wuta ta ɗauke, shi ne hoto. Na faɗi nawa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ɗan'uwa, in ka yanke shawarar sayarwa ka yi mini magana ta gefe, da tabon nata ina so. Ina shigowa Kano ƙarshen wata, zan iya ƙarasowa Zariya. Da sefa ko da naira, yadda ka ga dama.

Ɗan Tudun Wada: Ba na sayarwa ba ce tukuna Malam. Na gwada abin da Mai Gyara ya ce, a 16 tabo biyu ne ma ashe, akwai wani ƙarami a ƙasa. A 4 ban ga komai ba, amma a allon kyamarar na duba, ban sa a kwamfuta ba. Batir ɗin NP-W126S aka rubuta a jikinsa, akwai wanda ya san inda zan samu na gaske a Kaduna ko Kano kafin ranar? Kuma filashar da ke jikinta za ta isa rumfa da daddare, ko ita ma sai an ƙara?