Ƙanena na kwance da karaya: littattafai zan saya masa ko kayan ɗinkin hula?

'Yar Bolari: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Mota ta buge ƙanena a kan mashin a hanyar Dukku, cinya ta karye. An yi aiki, likita ya ce ba zai taka ba sai bayan wata uku. Ciwon da sauƙi, zuciyar ce ta ƙi. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu sai ya juya fuska bango, ko abinci sai Inna ta yi da gaske. Dubu goma sha biyar ce a hannuna. In saya masa littattafan mutanen da suka sha wuya suka miƙe, da na tarihi tunda yana so tun yana sakandare? Ko in sayi zare da allura maƙwabcinmu ya koya masa ɗinkin hula? Waya kam kada a kawo ta, ita ke hana shi barci.

Ɗan Pantami: Allah ya ba shi lafiya. Ki sa masa data kawai, duk littattafan nan suna intanet kyauta.

Mai Saƙa: Kai Ɗan Pantami, ka karanta har ƙarshe kuwa? 'Yar uwa, ni da na yi jinyar wata da watanni bayan haihuwa, kwarashi da ulu ne suka riƙe ni. Hannu na aiki, tunani na raguwa. Dubu biyar ta ishe ki zare da hular da aka riga aka zana.

Bajoge: Dubu biyar a ina, Hajiya? Wancan watan ɗana ya sayo zaren hula ɗaya a babbar kasuwa, ya haura dubu tara, ban da kuɗin mai zane.

Mai Saƙa: Ai ɗan koyo ba ya farawa da zare mai tsada.

Tsohon Malami: Ɗiyata, tarihi za ki ba shi, kuma na ƙasar da yake kwance a kanta. Yara nawa a Gombe suka san cewa a Burmi, nan kusa da Bajoga, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yulin 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas? Ɗansa Mai Wurno ya tsira da sauran jama'a, suka yi ta tafiya har Sudan, kuma garin da suka zauna a bakin kogin Nilu har yau sunansa yake ɗauke da shi. Wanda ya karanta yadda mutane suka rasa sarauta da gida da iyaye rana ɗaya, suka kuma kafa gari a ƙasar wasu, wata uku ba za su yi masa tsawo kamar da ba. Akwai kuma labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar, ya fito a 1954. Harin kamen bayi, aure-aure, rashin haihuwa, duk ta faɗa ba tare da neman tausayi ba.

Na Herwagana: Malam, da girmanka, amma ka taɓa kwanciya? Ni na kwanta. Kusan shekara na yi a ɗaki da ƙashin baya. Makon farko ɗakin cike yake, lemo da ayaba har suna lalacewa. Da aka shiga wata na biyu, ko sallama babu. Wani abokina ya kawo mini irin littattafan nan na ƙarfafa gwiwa, Bature ya faɗi a kasuwanci ya tashi ya zama attajiri. Ina kwance, sai an kawo mini fo, matata na sayar da kwanukan aurenta ɗaya bayan ɗaya don kuɗin magani, ana ce mini in yi tunani mai kyau. Wallahi ƙara mini baƙin ciki suka yi. Shagona da na bar wa yaro, na tashi na tarar da kanta babu kaya. Abin da nake so a lokacin mutum ne ya zauna, ko da bai ce komai ba.

Mai Saƙa: Allah sarki. Allah ya mayar maka da alheri.

Tsohon Malami: Ban kwanta ba, amma na yi jinyar mahaifiyata, kuma ni nake karanta mata. Ai ban ce a jefa masa littafi a fita ba. Kuma irin wanda aka kawo maka daban, wanda na faɗa daban.

Na Herwagana: Mai jinya daban, majinyaci daban, Malam.

Ɗan Pantami: To ya ɗinka hular, in ya gama ni ne mai saye na farko. Amma bashi, sai ƙarshen wata.

'Yar Bolari: Na gode duka. Baba Malam, a ina ake samun waɗannan, kuma nawa?

Bajoge: Gwanjo a wajen masu baza littattafai kusa da jami'a, na sayi na tarihi dubu biyu.

Tsohon Malami: Ni dubu shida aka ce mini, shi ma sai an aiko daga Zariya. Da ina da nawa da na ba ki. Wani ɗalibina ya ara zai rubuta aikin kammala digiri a kan yadda hedikwatar masarautar Gombe ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, ta dawo Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya yi aure. Littafi shiru.

Mai Saƙa: Kai, aron littafi! Nawa na koyon saƙa mai hotuna, kishiyar yayata ta karɓa, ya dawo babu bango, yara sun zane shi da biro.

Bajoge: Ku naku ya dawo ko ana sa rai. Mu da mahaifinmu ya rasu, akwatin ƙarfe guda na littattafai da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo ya bari. Ina Legas lokacin. Na dawo na tarar an sayar wa mai ƙosai a matsayin takardar ƙunshi. Da idona na ga shafi da rubutun hannunsa a gefe, mai ya jiƙa shi.

Na Herwagana: Wa ya sayar? Don irin wannan ba a barinta ta wuce haka nan.

Bajoge: Ɗan ɗakinmu ne. Maganar na wajen kawunmu har yanzu.