Manhaja tana faɗuwa tun da muka koma GCC 13

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Mun ɗauke manhajarmu ta C++ daga Ubuntu 22.04 mai GCC 11 zuwa 24.04 mai GCC 13. Ko layi ɗaya ba mu taɓa ba, amma yanzu da ta tashi sai ta mutu da segmentation fault (kuskuren taɓa ƙwaƙwalwa ba bisa ƙa'ida ba). In aka gina da `-O0` (ba tare da inganta gudu ba) lafiya ƙalau, da `-O2` (mai inganta gudu) ne take faɗuwa. Kwamfailar (GCC, mai mai da kod ya zama manhaja) ce ke da matsala, ko mu koma tsohuwar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Da wuya ya zama laifin kwamfaila. Yawanci kuskuren yana kwance cikin kod ɗin tuntuni, tsohuwar ce ba ta tone shi ba. Fara goge babban fayil ɗin gini gaba ɗaya, ka sake ginawa daga tushe, don kada tsofaffin fayilolin `.o` su gauraya da sababbi. Ka kuma duba `ldd` ka ga wace `libstdc++` ake ɗaukowa. Sannan ka gina da `-O2 -g`, ka shiga gdb, manhajar binciken kuskure. In ta faɗi, turo mana `bt`, `x/i $pc` da `info registers`. Ka tabbatar SIGSEGV ne, wato segmentation fault: 24.04 ta ɗaga `_FORTIFY_SOURCE` zuwa 3, wanda shi SIGABRT yake bayarwa, wannan kuma wata maganar ce daban.

Mai tambaya: SIGSEGV ne, cikin constructor. Umarnin shi ne `movaps %xmm0,0x10(%rbx)`, adireshin da ke `rbx` kuma ya ƙare da 8.

Amsa ta biyu: To, ga bakin zaren. `movaps` tana rubuta bayit 16 a tashi ɗaya, kuma dole adireshin ya rabu da 16 ba saura, wato ya ƙare da 0. Naku ya ƙare da 8, shi ya sa firosesa ta ƙi. Daga GCC 12 aka kunna vectorization, wato haɗe ayyuka da yawa cikin umarni ɗaya, a `-O2`. Da can sai a `-O3`. Kwamfaila ta ga ajin (class) yana buƙatar jeri na 16, wato adireshin da ya rabu da 16, watakila saboda `alignas(16)` ko `long double` a ciki, sai ta haɗe rubutu biyu zuwa ɗaya, tana da yaƙinin adireshin daidai yake. Malam, kuna da naku `operator new`?

Mai tambaya: Ƙwarai, yana ajiye girman abu a bayit 8 na farko, ya miƙa abin da ya biyo.

Amsa ta biyu: Shi ke nan. `malloc` ta glibc a x86-64 tana ba da adireshi mai jerin 16, ku kuma kun tura shi gaba da 8. Ku mai da wannan wurin ajiye girman ya zama bayit 16, ko ku yi amfani da `alignof(std::max_align_t)`. In daga babban yanki guda kuke yankowa, ku ɗaga kowane girma da `(n + 15) & ~15`. Kada a manta a gyara `operator delete` ya ja baya da 16 ɗin, in ba haka ba faɗuwar za ta koma cikin `free`.

Amsa ta uku: Za ka ji ana cewa a sa `-fno-tree-vectorize`. Yana da amfani wajen gwaji, amma rufa-rufa ce kawai, domin kwamfaila tana iya fitar da `movaps` ta wata hanyar. Bayan gyara, gina da `-fsanitize=address,undefined` ka gudanar da duk gwaje-gwajenku; zai nuna maka fayil da layin duk inda aka taɓa adireshi karkatacce. Ka gwada kashe naku `operator new` ɗin a wannan ginin, don in daga yanki guda yake rabawa, ASan (wato `-fsanitize=address`) ba zai ga an tsallake iyakar abu ba.