Abin da na tsinta a hirarmu kan karma

Mun jima ana ja-in-ja kan wannan karma ɗin, wato imanin cewa abin da ka aikata, alheri ko sharri, zai dawo maka, to ga abin da ya zauna min. Wani ya fara da cewa kalmar daga Sanskirit take, wani tsohon harshen Indiya, ma'anarta aiki, kuma a addinin Hindu da na Buda da na Jain haɗe take da sake haihuwa, wato sakamakon zai iya jiranka har wata rayuwar, abin da Musulmi da Kirista ba su yarda da shi ba. Shi ya sa da yawa suka ce su dai sun tsaya kan alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce kar ka mayar da abin kasuwanci, ka ranta wa abokinka kuɗi yau gobe kana leƙen waya kana jiran alat daga sama, in bai zo ba ka ce alheri ba ya biya. Wata ta ce su mabiya Buda ma niyya suke dubawa kafin aikin kansa.

Inda aka fi ɗaukar zafi kuwa batun marasa lafiya ne, gaskiya ni ma abin na ba ni haushi, ka ga mutum kwance a asibiti wani yana raɗa wai alhaki ne ya kama shi, to jaririn gadon kusa da shi wa ya zalunta? Aka kuma ce in an cuce ka ka nemi haƙƙinka, kar ka naɗe hannu wai karma zata rama maka.