Bayi ne ko ma'aikata? Cacar baki a kan rigar gwanjo

Malam Habu: Jama'a, ku ba ni aron kunnenku. Jiya na sayi riga a gwanjo, na duba wuyanta na ga an rubuta Bangladesh, sai gabana ya faɗi. Kun manta Rana Plaza? Ranar 24 ga Afrilu 2013 bene mai hawa 8 ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh, mutum 1,134 suka rasu, akasari mata masu ɗinki. Ana gobe abin zai faru aka ga ginin ya tsage. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, masu ɗinki kuwa aka ce su koma kan keke ko a riƙe albashinsu, alhali mafi ƙarancin albashin taka 3,000 ne a wata a kuɗin ƙasarsu, wajen dala 38. Manyan kamfanoni irin su Primark ake ɗinka wa. Gumin bayi muke sawa a jiki. Na san ba mai tanka mini.

Alhaji Mai Dila: Bayi kuma, Malam? Bawa ana biyansa albashi? Gyara kalamanka.

Anti Bilki: Alhaji, wadda aka ce ta shiga tsagaggen bene ko 'ya'yanta su kwana da yunwa, mene ne sunanta?

Ustaz: Ku yi a hankali. Bauta tana da hukunce-hukuncenta a shari'a. Wannan zalunci ne, a kira shi zalunci.

Anti Bilki: To Allah Ya gafarta Malam, canza suna zai ta da wadda ta mutu?

Ɗan Boko: A 2023 an ƙara musu albashi zuwa taka 12,500. Ina aka taɓa ƙara wa bawa albashi?

Malam Habu: Sai da aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka tukuna.

Anti Bilki: Ba sai mun je Dhaka ba. Ku leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi, yara suna gyangyaɗi a kan keke har asuba, ladansu ɗinkin sallah kala ɗaya.

Tela Sabo: Anti, kar ki sako mu. Koyon sana'a ne. Ni shekara 6 na yi ina guga da sa maɓalli kafin maigidana ya bar ni na riƙe almakashi. Kuma ku ne masu kawo ɗinki ana jibi sallah, kuna kuka da kumfar baki.

Anti Bilki: Leshina da ka ɓata bara fa?

Tela Sabo: Ba ni na yanka ba, yaro ne.

Anti Bilki: Yaron da bai yi barci ba!

Baba Kakuri: Ku bari, 'ya'yan nan. Masaƙar da na yi wa aiki a Kaduna yau ciyawa ta cinye harabarta. Gwanjo ne ya kashe mu.

Alhaji Mai Dila: Haba Baba! Atamfar Chana da rashin wuta dai. Talaka ya yi yawo tsirara ne?

Malam Habu: Jama'a, maganar Bangladesh nake yi fa.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda kalmar bayi ta yi tsauri, Malam Habu ya janye ta. Anti da Tela ku ƙarasa maganar leshi a gefe. Gwanjo dai ba ruwansa, rufin asirin talaka ne. Af, yayana Alhaji zai fasa sabuwar dila ranar Asabar, mai so ya yi sammako.

Malam Habu: Yaushe na janye?