Tasirin Vicki Bruce a binciken gane fuska: ƙirga ambato kawai zan yi?

Autar_Mama:
Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina digiri na biyu a nazarin halayyar ɗan Adam, an ba ni aikin semina a kan Farfesa Vicki Bruce ta Jami'ar Newcastle a Ingila. Wai in nuna tasirinta a fagen binciken yadda mutum ke gane fuska. Na shiga Google Scholar, shafin neman takardun bincike, na ga takardar da ta rubuta da Andy Young a 1986 an kafa hujja da ita sau dubbai. Na kwafe alƙaluman, na haɗa da cewa ta shugabanci ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya, kuma an ba ta sarautar girmamawa ta Birtaniya, wato Dame, a 2015. Shafi ɗaya da rabi ke nan, na ƙafe. Gaskiya da na karanta abin da na rubuta ni kaina bai gamsar da ni ba. Me ya rage?

Tsohon_Lakcara:
Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika rubuta kirari ne, har yanzu ba ki shiga aikin ba. Ki koma kan takardar 1986 ɗin ki gaya mana me ta ce.

Bruce da Young sun ce gane mutum hawa-hawa ne. Da farko ƙwaƙwalwa ta zana fasalin fuskar. Sai ta gwada shi da fuskokin da ke ajiye, a nan ne kike jin "na san wannan". Daga nan bayanin mutumin ya zo, tela ne, maƙwabcin su wance ne. Suna shi ne na ƙarshe. Shi ya sa za ki haɗu da mace a gidan biki, ki san tare kuka yi sakandare, ki tuna har ɗakin kwananta, amma sunan ya maƙale, ki ɓige da "ƙawata, ashe rai kan ga rai". Ki lura ba a yin akasin haka. Ba wanda zai kalli fuska sunan ya faɗo masa alhali bai san ko wane ne ba. Kuma ba daga ka suka faɗa ba, shekara guda kafin nan Young da abokan aikinsa sun sa mutum 22 suna rubuta duk kuskuren gane mutane da suka yi na tsawon makonni, tsarin kurakuran ya bi wannan jeri.

Sun kuma raba karanta yanayin fuska, wato fushi ko fara'a, da gane mai fuskar. Wannan ɓangaren ya sha suka daga baya, har shi Young ɗin ya dawo ya sake duba shi. Ki saka wannan a aikinki. Ra'ayin da aka shekara kusan 40 ana gardama da shi ya fi wanda aka ambata a layin farko aka wuce.

Baban_Khalifa:
Malam ya yi bayani, amma da izininsa ni a ganina babban aikin Bruce shi ne wanda ya biyo baya. A 1999 ita da Mike Burton da wasu sun ɗauki bidiyon kyamarar tsaro marar kyau na malaman wani sashe a Jami'ar Glasgow suna shigowa gini. Ɗaliban da suka san malaman suka gane su cikin sauƙi. Waɗanda ba su san su ba, har da 'yan sanda masu shekaru a aiki, suka yi ta kame-kame. A 1999 ɗin dai Bruce ta nuna wa mutane hoton baƙo mai kyau tar, da wasu hotuna 10 a ƙasa, su nuna shi a ciki. Ba maganar mantuwa, komai na gabansu, amma kusan kashi 30 cikin 100 na amsoshin kuskure ne.

Abin ya taɓa ni ne don na shekara shida ina tsaron jarrabawa. Kati a hannuna, yaro a gabana, ina ɗaga kai ina sunkuyarwa kamar ƙadangare. Akwai ranar da na wuce wani, na sa hannu, sai wata ma'aikaciya da ta san mai katin tun yana aji ɗaya ta hango daga bakin ƙofa ta ce wannan ba shi ba ne. Ɗan baffansa ne. Na daɗe ina ganin sakacina ne, sai da na karanta binciken da aka yi wa jami'an fasfo na Ostareliya a 2014. Sun amince da kashi 14 cikin 100 na hotunan bogi, kuma wanda ya shekara 20 a aikin bai fi sabon shiga ba. Burton na cikin marubutan, kin ga zaren daga ina ya taso.

Injiniya_Sokoto:
To amma in ana batun suna, ai Nancy Kanwisher ta jami'ar MIT a Amurka ta fi tashe, ita da ta nuna a 1997 cewa akwai wani yanki a ƙwaƙwalwa da ya fi motsawa idan an ga fuska. Me ya sa ba ita aka ba ki ba?

Tsohon_Lakcara:
Injiniya, tambayoyinsu daban. Kanwisher ta tambayi a ina abin ke faruwa, Bruce ta tambayi yaya yake faruwa kuma yaushe yake cin amanarmu. Alƙalin da aka kawo wa hoton kyamarar tsaro a matsayin shaida, amsar ta biyu yake buƙata.

Autar_Mama:
Allah ya saka da alheri, Baba. Alƙaluman sun koma sakin layi ɗaya, zan fara da gwajin Glasgow. Yaya Baban Khalifa, in ba damuwa zan buɗe seminar da labarin ɗan baffan nan, ba zan faɗi makaranta ba. Shin kama suke sosai?

Baban_Khalifa:
Ki saka abinki ƙanwata. Da aka tsayar da su biyun a ofis ko hancinsu ba iri ɗaya ba ne. Hula ce iri ɗaya.