Na sa wa 504 ɗin Baba akwatin wuta, yanzu ko na zare makulli ba ta mutuwa

Autan Hajiya: Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka, kaina ya kulle. Peugeot 504 ce da marigayi mahaifinmu ya bari, haɗin Kakuri a Kaduna, ya saye ta sabuwa dal lokacin yana aiki a masaƙa, tun ba a haife ni ba. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a sayar a raba kuɗin, ni na ce a sa ta a kasona ko da zan rasa fili, domin a cikinta Baba ya koya mini tuƙi, kuma har yau Hajiyarmu ba ta sakewa a wata mota in za ta asibiti. Shekara uku ina fama da kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya samu wuta. In na saya, wata biyu ya ƙone, da damina kuwa sai yaran unguwa sun tura ni. Ɗan kawuna da ke Amurka ya ji tausayina ya aiko mini da akwatin ƙara wuta, irin wanda ke tara wuta ya harba wa kwayil, mai ba fulogi wuta. Ranar Talata wani mai waya ya haɗa. Bugu ɗaya ta tashi, sautin inji ya daidaita, har na yi ƙwalla. Amma da na murɗa makulli na zare, inji ya ci gaba da aiki kamar ba a taɓa shi ba. Yanzu sai na taka burki, na sa giya huɗu, na saki kuloci sannan take mutuwa. Ga shi ranar Asabar za a kai ƙanwata ɗakin mijinta Zariya, kuma Hajiya ta ce a motar Baba za a ɗauke ta. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Me zan yi?

Oga Kurmin Mashi: Wa alaikumus salam. Ɗana, cire wannan abin yau ɗin nan. Shekarata talatin da wani abu ina kwance a ƙarƙashin Fijo. Tun 1975 aka fara haɗa ta a garin nan, ta je Legas, ta je Maiduguri, ta dawo, duk da kwantak da kwandensa. Ka samu kwantak mai kyau, ka gyara tazarar bakinsa milimita 0.40, ka daidaita taimin, shi ke nan. Ƙonewar da yake yi kwandensa ce ta mutu, ko kwayil ɗin da ke kai ba nata ba ne. Wannan akwatin don manyan injina masu silinda takwas aka yi shi, me ya haɗa shi da motar Baba?

Autan Hajiya: Oga na gode, amma kwandensa sau huɗu na canza. Kuma wallahi tun da aka sa akwatin ba ta taɓa yi mini gardamar tashi ba. Mutuwar ce kawai matsalar.

Baban Ummi: Ai kayan gyaran yanzu sai addu'a. Ni watan jiya na sayi fulogi huɗu a kwali mai kyau, da hatimi da komai, ban kai Mararraban Jos ba biyu suka daina aiki. Na koma wurin mai shagon ya ce ai an riga an ɗaura, ba a mayarwa. Ka biya kuɗin asali a ba ka jabu, sannan a kalli tsabar idonka a rantse. Allah Ya isa kawai.

Direban Kawo: In ta ƙi mutuwa ka buɗe bonet ka zare kan batir mana. Haka muke yi a tasha.

Tsohon Ɗalibin Poly: Don Allah kar ka zare kan batir inji na aiki. Batir ne ke danne wutar altaneta, in ka cire shi wutar na iya haurawa ta ƙona altanetar, ta haɗa da akwatin.

Malam Auta, ba ka faɗa mana yadda aka haɗa wayoyin ba, kuma nan ne maganar take. Irin wannan akwatin yawanci yana da jar waya mai kauri da baƙa mai kauri, su ne ke zuwa kan batir kai tsaye. Ruwan lemo da baƙa siririya su ne na kwayil, kuma ban da su biyun kada wata waya ta zauna a kan kwayil ɗin. Fara tana zuwa kwantak. Sai ja siririya, ita ce ke kunna akwatin da kashe shi, dole ta samu wuta daga makulli kaɗai, ta samu lokacin da kake bugawa da lokacin da inji ke tafiya, ta rasa in ka kashe.

To abu biyu ne. Ko dai mai wayar ya ɗaura ja siririyar a inda wuta ba ta yankewa, ko kuma wuta na dawowa daga altaneta ta hanyar fitilar batir da ke dashbod. Na biyun ya fi yawa a tsofaffin motoci. Kwayil na asali yana jan wuta da yawa, ɗan abin da ke biyowa ta ƙwan fitilar ba ya isarsa, shi ya sa a da take mutuwa. Shi kuwa akwatin ɗan ƙanƙanin abu ya ishe shi ya zauna a kunne. Gwajin ba wuya. Mota a kashe, makulli a aljihunka, ka sa fitilar gwaji a kan ja siririyar. In ta kama, haɗin ne ba daidai ba. In ba ta kama ba, ka tada mota, ka zare makulli, tana cikin aikin ka cire siririyar wayar fitila daga bayan altaneta, ka kula da fanka da fanbel. In ta mutu nan take, diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, za a sa a kan wayar, gefen da ke da zobe ya kalli altaneta. Ka duba cikin kwalin, sau da yawa ana haɗowa da shi a ƙaramar leda.

Oga Kurmin Mashi: Kun ji irin ta 'yan boko. Diyod, diyod. In akwatin ya mutu masa a dajin da ke tsakanin Jaji da Zariya da amarya a baya, wa zai gyara? Kwantak ko da ƙarfen yanke farce ka goge bakinsa ka ƙarasa gida. Akwatin nan in ya ƙone sai dai janwe. Na ga irinsu sun fi a ƙirga.

Autan Hajiya: Yallaɓai na Poly, gaskiya ban tsaya a kansa lokacin da yake haɗawa ba, na tafi ɗauko yara daga Islamiyya. Kwalin ma yana shagonsa, kuma tun jiya wayarsa a kashe. Amma yaron ba ya wasa da aiki, shi ya gyara mini fitilun gaba bara, ban yi zaton zai yi kuskure irin wannan ba.

Maman Sadiq: Allah sarki. Ni ma maigidana ya bar mini tsohuwar mota, masu waya uku suka yi ta yanka suna ɗaurawa da leda har wata rana hayaƙi ya tashi daga ƙarƙashin sitiyari muna kan gadar Kawo da yara a ciki. Tun ranar na sayar. Ƙanena, ka ari mota don bikin nan, ran mutane ya fi komai.

Autan Hajiya: Yaya, na fahimce ki, amma ba zan iya kallon Hajiya na ce mata ba a motar Baba ba. Yarinyar nan ita kaɗai ce Baba bai ga aurenta ba.

Baban Ummi: Ni tambayata ma, akwatin yana rage shan mai? Tun da aka cire tallafi a 2023 motata ta koma ta ranar Juma'a kawai.

Tsohon Ɗalibin Poly: Ba zan yi maka alƙawarin mai ba. Abin da yake yi shi ne maimaita tartsatsi sau da yawa in inji na ƙasa da juyi 3,000 a minti, shi ya sa tashi da tsayuwa ke gyaruwa. Kafireto mai ɓarin mai zai ci gaba da ɓarinsa.

Malam Auta, maganar Oga akwai gaskiya a wuri biyu. Mafi yawan akwatunan nan a saitin silinda takwas suke zuwa, naka injin huɗu ne, a duba takardarsa a gyara. Sannan ka bar tsofaffin wayoyin kwayil a naɗe kusa, in akwatin ya ba ka matsala a hanya ka mayar da su cikin minti goma ka ci gaba da kwantak. Kuma kar kowa ya taɓa kan kwayil inji na aiki, abin da ke shiga wurin yanzu ya haura volt 400. A ina aka ɗaure akwatin? In kusa da salansa ne zafi zai kashe shi.

Oga Kurmin Mashi: To ka ji, shi ma ya dawo kan kwantak ɗin. Kawo ta gareji gobe bayan Azahar na cire maka kyauta saboda Baba. Fijo ma lambar silinda daga wajen fulawil take farawa, yaran yanzu ko wannan ba su sani ba, balle su haɗa mata akwati.

Direban Kawo: Ko ka sa ɗan makunni a ƙarƙashin dashbod, in ka tsaya ka danna. Za ka samu a Panteka.

Autan Hajiya: Na gode muku duka, Allah Ya saka. Oga, ka yi haƙuri, cirewa dai ba zan yi ba, ɗan kawuna ya kashe kuɗi, kuma ni na san wahalar da na sha da turi. Akwatin yana jikin bodi ta ɓangaren batir, ban auna nisansa da salansa ba. Fitilar gwaji ba ni da ita, kuma dare ya yi. Ina ganin makunnin nan zan sa zuwa bayan biki. Yallaɓai na Poly, in an sa makunnin, batir zai iya sauka cikin dare?

Maman Sadiq: Ni dai na faɗa maka, ka ari mota.

Baban Ummi: Wai akwai wanda ya san inda ake samun fulogi na asali a Ori-Apata?