Mun manta fasuwod ɗin admin: in yi fomatin ko in bar ta ta kwana wajen mai gyara?

Abu Nana
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Ina da shagon taifin da fotokofi a nan Kano, kwamfutar da muke aiki da ita HP ce ta tebur, Windows 10 Pro. Akawun biyu ne a kanta, ɗaya sunansa Shago shi muke shiga kullum, ɗayan kuma Admin ne wanda yaron da ke riƙe min shagon a da ya saita, yanzu yana can Ebonyi bautar ƙasa. To firintarmu ta mutu na sayo sabuwa, zan sa mata diraiba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firintar, sai ga akwatin nan ya fito wai in sa fasuwod ɗin admin. Na kira yaron ya ce wallahi Oga ya manta, duk waɗanda ya karanto min ba wanda ya yi.

Ku lura fa, kwamfutar tana buɗewa lafiya lau aiki ma muke da ita, sa sabon abu ne kawai ya gagara. Amma a cikin akawun ɗin Admin akwai fayil ɗin Excel na bashin da muke bin makarantun da muke buga wa jarabawa, kuma Chrome ɗin can ne ya riƙe fasuwod na shafuka da yawa da muke wa kwastomomi rijista. Wani mai gyara ya ce fomatin kawai N5,000, wani ya ce zai cire ba tare da an rasa komai ba N8,000 amma sai ta kwana a wajensa. Wanne zan bi?

Sadiq_Dala
Wslm. bude bayanta ka cire karamin batirin nan na kan madabod ka bari minti 10 ka mayar, shikenan ta manta komai

Kawu Ɗanladi
Ka kashe ka kunna kana danna F8, ka shiga safe mode za ka ga Administrator ba fasuwod. Haka muke yi a kafe tun ba a haifi wasu a nan ba.

Injiniya Mai Filash
Sadiq wannan batirin na agogo ne da saitin BIOS, wato tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe, fasuwod ɗin Windows a kan had dis yake zaune, ko shekara ka yi da batirin a aljihu yana nan. Kawu kuma da girmamawa wannan dabarar zamanin Windows XP ce, tun daga Windows Vista wancan Administrator ɗin a kashe yake zuwa.

Malam Abu Nana kafin komai amsa min biyu. Na ɗaya, a akwatin da ke tambayar fasuwod ɗin, a ƙasan sunan Admin akwai adireshin imel ko babu? In akwai to akawun ɗin Microsoft ne, a waya ma za a canja, sai dai lambar tabbatarwa wayar yaron ko imel ɗinsa za ta je, sannan ka jona kwamfutar da intanet ka shiga da sabon. Na biyu, buɗe This PC ka duba C ɗin, wato ɓangaren had dis ɗin da Windows take kai, ko akwai hoton kwaɗo a jikinsa. In akwai, BitLocker ne, wato Windows ta kulle duk abin da ke kan had dis ɗin, kar ka yarda kowa ya taɓa ta sai ka samo makullinsa mai lamba 48.

Zee Baby
ka gwada sunan budurwarsa da 123 a karshe, in bai yi ba ka gwada tsohuwar budurwar 😂

Jikan Damagaram
Malam ni a Zinder nake, abin da ya same ni bari in faɗa maka ko zai yi amfani. Ordinatar ɗina, wato kwamfutata, kibod ɗin Faransanci gare ta, ranar nan ta ƙi karɓar kod ɗina ƙememe har na fara zargin yara, ashe Windows ce ta juya kibod ɗin zuwa na Ingilishi, to A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M ta bar wurinta, lambobi kuwa mu sai da Shift muke samunsu. Tunda kuna buga wa makarantu jarabawa na san ba za a rasa Larabci a kanta ba. Ka sake rubuta waɗanda yaron ya ba ka, ka danna ɗan idon nan na gefen akwatin ka ga ainihin abin da ke shiga.

Maman Hanif
Ɗan'uwa don girman Allah kar ka bar kwamfutarka ta kwana a wajen kowa. Ni kam an yi min abin da har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Laftof ɗina ce EliteBook, na ajiye ta lokacin da na haihu, da na gama wanka na ɗauko zan ci gaba da aikin digirina na biyu sai fasuwod ya ɓace min fes. Ƙanina ya kai ni wani shago a kasuwa, na ce wa mutumin bawan Allah aikina na makaranta yana ciki, babi huɗu da duk bayanan da na tattaro a ƙauyuka, ga hotunan mahaifiyata Allah ya ji ƙanta waɗanda ba su a ko'ina sai nan. Ya ce Hajiya ƙaramin aiki ne ki dawo gobe. Na dawo ya miƙo min ita yana murmushi wai har sabuwar Windows ya sa min kyauta da Office. Na buɗe wayam. Ba Desktop ba Documents, D ɗin ma da nake ajiya ya haɗe shi da C. Na ce ina kayana, ya ce ai yaronsa ne ya yi aikin bai gaya masa ba, wai kuma ai da na ce ina so a yi bakof da kuɗinsa daban. A tsakiyar kasuwa na zauna ina kuka da jaririya a baya mutane na kallona.

Daga nan aka tura ni wajen wani wai shi gwanin dawo da fayil ne ya karɓi N25,000, abin da ya dawo da shi tarkace ne, fayil ɗin Word in ka buɗe sai wasu alamomi, hotuna rabi toka-toka. Ya ce wai don ma'ajiyarta SSD ce, sabon samfurin had dis, shi ya sa. Sai da na sake komawa ƙauyukan nan da goyo, shekara guda ta tafi a banza, hotunan Inna kuwa shikenan. Na bar shi da Allah amma ban yafe ba.

Ummu Sultan
Innalillahi. Allah ya ji ƙan Inna ya sa ta huta. Wallahi har na yi hawaye.

Sadiq_Dala
Anti da kin kai shi wajen yan sanda wlh, ko kungiyar kasuwar

Maman Hanif
Mun je wajen shugabannin layin, suka ce a yi haƙuri ƙaddara ce, suka sa ya mayar min da N4,000 ɗina. Dubu huɗu fa. Ita ce diyyar.

Injiniya Mai Filash
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. Maganar SSD ɗin gaskiya ya faɗa miki, ita in an goge abu tana share gurbin da kanta ba kamar tsohon had dis ba, balle an ɗora sabuwar Windows a kai. Amma da ya san haka bai kamata ya karɓi kuɗinki ba.

Bash Wuse
N8,000 ai araha ne. Ni a Banex N15,000 na biya bara aka cire min na Dell ɗina.

Ɗan Kurna
15k?? Abuja kuna shan wahala. A Beirut Road N3,000 aka yi wa abokina yana tsaye, ko lemon da ya saya bai shanye ba aka gama.

Jikan Damagaram
Nan jikka 2 ne na sefa, in ka san mutum ma kyauta.

Bash Wuse
Wanda aka yi wa a N3,000 ka tambaye shi ko fayil ɗinsa na nan. Araha ba ta ado.

Mubarak CS
Duk ku daina ɓata wa mutum lokaci. Windows 10 Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, ka kwashe kayanka a filash ka ɗora Windows 11 ka huta. Kuma tun sigar 1803 akwai tambayoyin tsaro guda uku, in ka sa fasuwod ba daidai ba a wajen shiga za ka ga Reset password a ƙasa. Ni wannan fannin na karanta ba a kasuwa na tsinta ba.

Injiniya Mai Filash
To Malam mai digiri, ta yaya zai kwashe abin da ke cikin fodar Admin alhali akawun ɗinsa ba shi da izinin buɗe ta? Ka karanta tambayar kuwa? Kuma ka san ko injin nasa yana da TPM 2.0, cif ɗin tsaron da Windows 11 ke buƙata, da za ka ce ya sa ta? Yawancin HP na tebur da ke shagunan taifin tsofaffin Core i5 ne 'yan ƙarni na huɗu ko na shida, 11 kuwa daga na takwas take farawa a hukumance. Tambayoyin tsaron dai ka yi gaskiya ya gwada, in yaron ya saita su kuma bai manta sunan garin da aka haife shi ba.

Abu Nana ga yadda nake yi wa masu irin matsalarka in ba BitLocker. Ana tayar da kwamfutar ne daga filash, kuma ni ba na goge fasuwod ɗin Admin ɗin, akawun ɗin Shago nake ɗagawa ya zama admin shi ma. Daga nan ka sa diraibarka, ka shiga fodar wancan ka kwafo Excel ɗinka. Dalili, abin da Chrome ya adana a ɗaure yake da tsohon fasuwod ɗin, ranar da aka goge shi da ƙarfi sun tafi, sai fa in yaron ya haɗa Chrome ɗin da Gmail ɗinsa. In ka bar shi yadda yake, duk ranar da ya tuna kayanka na nan. Aikin bai kai rabin awa ba, ban ga abin da zai sa ta kwana ba.

Mubarak CS
Irin filash ɗinku da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ɗauke da bairos? Allah ya kiyaye.

Kawu Ɗanladi
Yaro kai da ka karanta, kwamfuta nawa ka taɓa buɗewa da hannunka? Ku bar mai sana'a ya yi magana.

Zee Baby
Kawu kai da aka ce dabararka ta zamanin XP ce ai da ka yi shiru 😂😂

Abu Nana
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya Allah ya ji ƙan mahaifiya. Na duba babu imel a ƙasan sunan, kwaɗo ma ban gani ba. Kibod ɗin na duba yana kan Ingilishi. Reset password ɗin na danna sai ta ce in sa filash, ke nan bai saita tambayoyin ba ko? Abin da ban gane ba, in an ɗaga akawun ɗin Shago CorelDraw ɗinmu da rubutun Larabci da muka sa za su taɓu? Kuma na yi wa mai N8,000 ɗin maganar a yi a gabana ya ce shi ba ya aiki ana tsaye a kansa.

Ɗan Kurna
Ba ya aiki ana tsaye a kansa? To ka gudu. Irin su ne masu zare ram. Ni na kai tawa gyaran fanka da 8GB ta dawo da 4, sai da na ga tana jan ƙafa na duba, na koma ya rantse min da Allah haka na kawo ta.

Bash Wuse
Wannan kaɗan ne. Maƙocina batirinsa sabo aka musanya masa da kumburarre. Yanzu ni kafin in ba da tawa sai na ɗau hoton lambar ram da ta had dis a gaban mai shagon, ya ji haushi ya ji.

Injiniya Mai Filash
Ku dai daina yi mana kuɗin goro. Wani kwastoman zai tsaya a kanka yana taɓa wannan yana tambayar wancan, ya ja waya abu ya ƙone ya ce kai ne. Kuma ku masu kawo kwamfuta ku ce taku ce kun manta fasuwod alhali ta ofis ce ko ta sata fa? Ni yanzu sai na ga rasit ko kwali nake cirewa, an taɓa kwana da abokin aikina a caji ofis kan irin wannan.

Ummu Sultan
Rasit kuma? Wa ke ba da rasit a kan tokumbo? Ni ThinkPad na saya wa ɗana, sai da za a canja mata Windows aka ga BIOS ɗin a kulle da fasuwod ɗin kamfanin Turawan da suka yi amfani da ita. Mai shagon ya ce ba ya karɓar kaya bayan sati ɗaya, mai gyara ya ce sai an taɓa wani ɗan cif a madabod N20,000 kuma ba garanti.

Sadiq_Dala
ki cire batirin madabod din Anti

Injiniya Mai Filash
Sadiq don Allah ka rabu da batirin nan. Na ThinkPad a cif yake rubuce, cire batiri ba ya goge shi, su kansu Lenovo masu ƙera ta canjin madabod suke cewa. Hajiya laifin mai sayarwa ne, su suke sayo irin waɗannan kwantena guda da araha sun san a kulle suke.

Bash Wuse
Akwai ma wadda kana jona ta da intanet bayan fomatin za ta fito da tambarin wani kamfani a Amurka ta ce ka shiga da imel ɗin ma'aikaci. Ƙanina yana da irinta a gida, yara ke kallon katun da ita ba a isa a sake mata Windows ba.

Ummu Sultan
To wai su 'yan kasuwar nan ba wanda ke sa musu ido ne? Ni wallahi gobe zan koma shagon da babansu, ko ya canja min ko a yi wadda za a yi. Injiniya in na kawo maka ita nawa za ka yi min, tsakani da Allah?